Kama da wane ba wane ba ne: tarihin ɓarayin allon kwafi

Ƴan uwa ɗalibai, tun 2024 da wasannin danne-danne na Telegram irin su Notcoin da Hamster Kombat suka shigo wayoyinmu, maganar kirifto ta bar hannun ƴan ƙalilan ta zama ta kowa. Yau a fada ana zuba shayi ana gardamar farashin Bitcoin. Wani na jiran Pi ta tashi, wani kuma yayansa da ke waje ya fara turo masa USDT. Ni ba ɗan wannan kasuwa ba ne, ilimin harsuna nake karanta, kuma ta wannan ƙofa na shigo maganar. Akwai wata irin sata a harkar da ta ja hankalina, domin ɓarawon ba ya fasa kwaɗo, ba ya neman lambar sirrinka. Adireshin da za ka aika wa kuɗi yake musanyawa da nasa, kai kuma ka tura masa da hannunka. Satar ta haura shekara goma ana yin ta, kuma in aka bi tarihinta za a ga duk ta ta'allaƙa ga abu guda: mun daina karanta abin da muke kwafa.

Allon da kowa ke iya rubutu a kai

Abin da muke kira kopiye-kole, wato kwafa da liƙawa, yana da masu shi. Tsakanin 1973 da 1976, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, Larry Tesler da abokin aikinsa Tim Mott suka ƙera wata manhajar rubutu mai suna Gypsy. A cikinta ne aka fara yanke rubutu ko a kwafe shi a liƙa a wani wuri kamar yadda muka saba yau. A 1980 Tesler ya koma Apple, dabarar ta fito a kwamfutar Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, daga nan ta game duniya.

Tsakanin kwafa da liƙawa dole rubutun ya zauna wani wuri yana jira. Masu Ingilishi sun ara wa wurin sunan katakon nan mai ƙarfen matsewa da ake ɗora takarda a kai, Faransawa kuma suka ba shi sunan abin danne takarda kan tebur. Ni na fi son in kira shi allon kwafi, don ya fi kama da allonmu na makaranta: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, kuma sabon rubutu shi ke kore tsoho.

Amfanin wanga allo shi ne na kowa ne. Ka kwafo daga wannan manhaja ka liƙa a waccan, don haka tilas a bar kowace manhaja ta iya duba shi, ta iya rubutu a kansa. A shekarun 1970 wannan bai zama matsala ba, abin da ake kwafa bai wuce jimlar wasiƙa ko sakin layin littafi ba. Babu wanda ya yi tunanin wata rana dukiyar mutum za ta bi ta kan allon da ba ya da mai gadi.

Sunan da ba ya karantuwa

Ranar 31 ga Oktoba 2008 wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar da ta bayyana tsarin Bitcoin, ranar 3 ga Janairu 2009 kuma tsarin ya fara aiki. Abu biyu a cikinsa suka shafi maganarmu. Na farko, kuɗin da aka aika ba ya dawowa. Babu banki, babu ofishin da za ka je ka yi kuka a tsayar da shi. Na biyu, ba a aika wa mutum da sunansa, sai da adireshin lalitarsa, wadda ƴan harka ke kira walet. Tsohon adireshin Bitcoin jeri ne na haruffa da lambobi 26 zuwa 35, yana farawa da 1 ko 3. Na Ethereum 42 ne, yana farawa da 0x. Na Tron, inda da yawa ke karɓar USDT, 34 ne, yana farawa da T.

A nan ne ilimin harsuna ke da abin faɗa. Maganar ɗan Adam tana da rarar bayani. In na rubuta "na tafi kaswa" na bar harafi, kowa ya gane kasuwa nake nufi, don ma'ana na tallafa wa ido. In ka je kamfanin aika kuɗi ka ce Maraɗi, ma'aikaci ya rubuta Tawa, da kallo ɗaya ka kama shi, kuma mai karɓa sai ya nuna katinsa an ga sunan ya dace. Adireshin kirifto ba ya da wannan. Ba ya furtuwa, ba ya nufin kome, babu harafin da ke gaya maka wanda zai biyo baya. Tun 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya nuna abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda bai cika wuce bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. To ina bakwai ina arba'in da biyu? Shi ya sa babu mai rubuta adireshi da hannu. Kowa kwafa yake.

Satoshi ya hango wani ɓangare na matsalar. A cikin haruffan da ya zaɓa ya fidda huɗu: sifili, babban O, babban I da ƙaramin l, kuma ya rubuta dalili a cikin manhajar, cewa suna kama da juna, ana iya amfani da su a ƙirƙiri adireshi biyu masu kamanni ɗaya. Ya kuma sa wani hatimin lissafi a ƙarshen kowane adireshi, wanda ake fiddawa daga sauran haruffan. In ka kuskure harafi guda, lissafi ba zai dace ba, lalita ta ƙi aikawa. Wannan kariya ce mai kyau daga tuntuɓen yatsa. Amma in an ɗauke adireshin gaba ɗaya an sa wani ingantacce, hatimi ba ya da ta cewa, don adireshin ɓarawo ma lissafinsa daidai yake.

Ɓarayin farko

Wani abin mamaki, ba da kirifto satar ta fara suna ba. A 2013 hukumar tsaron intanet ta ƙasar Polan ta ba da labarin wata muguwar manhaja mai suna VBKlip. Lambar asusun banki a Polan lambobi 26 ce, mutane na kwafo ta daga takardar biya su liƙa a shafin banki. Manhajar na zaune a kwamfuta tana kallon allo, da ta ga lambobi 26 a jere sai ta wanke ta rubuta na ubangidanta.

Da farashin Bitcoin ya yi sama a 2017, dabarar ta samu gonar da ta fi banki albarka, tunda a nan ba a mayar da kuɗi. A ƙarshen shekarar kamfanin Kaspersky ya bayyana CryptoShuffler, wadda ta tara wa masu ita Bitcoin 23, wajen dalar Amurka 140,000 a farashin lokacin, kusan miliyan 80 na sefa ke nan. A Maris 2018 masu bincike na Palo Alto Networks suka bayyana ComboJack. Ita ta imel take zuwa, da saƙon wai an tsinci fasfo, a buɗe takarda a duba ko an san mai shi. Wanda ya buɗe ya shigar da ita, daga nan tana leƙa allo duk rabin daƙiƙa.

Dubi sauƙin aikin. Manhajar ba ta buƙatar fahimtar kome. Siffa kawai take nema: jeri mai tsawo kaza da ya fara da harafi kaza. Ba ta rage gudun na'ura, ba ta fito da wani saƙo, tana iya yin wata da watanni ba ta motsa ba. Birus ɗin da muka saba da shi a siber yana ɓoye fayiloli a kile, ka gane nan take. Wannan kuwa sai ranar da wanda ka aika wa ya kira ya ce bai ga kome ba.

A Fabrairu 2019 abin ya sauko waya. Kamfanin ESET ya gano manhajar bogi a cikin Google Play kanta, ta ari sunan lalitar MetaMask. A lokacin MetaMask ba ta ma fitar da manhajar waya ba, a kwamfuta kawai take aiki. Mutane na neman abin da babu, ɓarawo ya kawo musu.

An rufe ƙofa, sun zagayo ta taga

Masu ƙera waya sun farga. Daga Android 10 a 2019, manhajar da ke ɓoye a baya ba ta iya karanta allo, sai wadda ke buɗe a gabanka ko kuma madannan rubutunka. A 2020 iOS 14 ta fara nuna sanarwa duk lokacin da wata manhaja ta leƙa allo, a nan ne aka ga TikTok da wasu da dama suna leƙawa ba da sanin masu waya ba. Android 12 ta kawo irin wannan sanarwa a 2021.

Sai ɓarayi suka canza rawa. Tunda manhajar da ke buɗe a gabanka ce ke da izini, sai suka zama ita. A Maris 2023 ESET ta bayyana gyararrun kwafin WhatsApp da Telegram da ake rabawa a shafukan bogi, akasari ga masu jin Sinanci, saboda an toshe manhajojin na gaskiya a ƙasar Sin. Kana hira da mutum ya turo maka adireshinsa, manhajar ta musanya shi a cikin saƙon kafin ka gani. Wasu daga cikinsu har hotunan da ke waya suke bi suna karanta rubutun ciki. A cikin watan dai Kaspersky ta ba da labarin gurɓataccen kwafin manhajar shiga intanet ta Tor, wanda ya sace kimanin dalar Amurka 400,000 a ƙasashe 52, mafi yawa a Rasha, inda gwamnati ta toshe shafin Tor tun ƙarshen 2021.

Ƙasashen nan sun yi mana nisa, amma halin da ya jefa mutanensu ciki namu ne. Su toshewa ta hana su ƙofar gaskiya, mu tsadar mega ke hana mu. Nawa ne a cikinmu suka sauke manhajojin wayarsu da kansu? Xender ake buɗewa, aboki ya tura maka, shi ma wani ya tura masa. Ga gyararrun WhatsApp masu ƙarin kwalliya, ga fasassun manhajoji da mai gyara ke zuba mana a kwamfuta kyauta. Ban ce duka na da ɓarawo a ciki ba. Na ce dai babu ɗayanmu da zai iya rantsuwa kan abin da ke ciki. Ko Hamster Kombat ɗin ma, a Yuli 2024 ESET ta sanar da kwafinsa na bogi da ake rabawa a Telegram ɗauke da manhajar leƙen asiri.

Ɓarawo ya koyi yadda muke karatu

Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce: bayan ka liƙa, dubi haruffa huɗu na farko da huɗu na ƙarshe. Shawarar ta yi aiki na wani lokaci, don ɓarayin farko adireshi ɗaya tak suke sa wa kowa. Amma ai su ma suna jin shawarar. A ƙarshen 2022 aka ga wata manhaja mai suna Laplas, wadda ake bayar da haya ga duk mai son sata. Ita tana samar da adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da wanda ka kwafa. Lalitoci da yawa kuma su da kansu ke gajarta adireshi, su nuna kai da wutsiya su sa ɗigo-ɗigo a tsakiya. Wurin da aka ɓoye, nan ne bambancin yake.

Daga nan aka kai matakin da ba a ma buƙatar shiga na'urarka. Rajistar kirifto a buɗe take, kowa na ganin wa ya aika wa wa. Ɓarawo ya ga adireshin da kake hulɗa da shi, ya ƙera mai kama da shi, ya turo maka ɗan abin da bai kai tamma ba. Yanzu adireshinsa ya shiga jerin mu'amalarka, yana zaune kusa da na gaskiya. Ana kiran wannan sa wa adireshi guba. Ranar 3 ga Mayu 2024 wani ya yi asarar WBTC 1,155 ta wannan hanya, kimanin dalar Amurka miliyan 68, fiye da miliyar 40 na sefa. Mutumin ya yi taka-tsantsan, ya fara aika kaɗan don gwaji. Da ya zo aika babban, sai ya kwafo daga jerin mu'amala, ya ɗauko na ɓarawo. Bayan kwanaki ɓarawon ya mayar da kuɗin, ana ta bin sawunsa a rajista. Kada wani ya sa rai da irin wannan sa'a a kan jika hamsin ɗinsa.

Na ƙarshe da zan kawo ya taɓa fannina kai tsaye. Ranar 8 ga Satumba 2025 aka yaudari wani mai kula da ƙananan manhajoji a rumbun npm, inda masu gina shafukan intanet ke ɗaukar kayan aiki, da imel na bogi. Aka cusa muguwar dabara a cikin kayan da ake saukewa fiye da sau miliyar 2 a mako. Dabarar na ɗauke da jerin adireshin ɓarayi, kuma don ta zaɓi wanda ya fi kama da naka tana amfani da ma'aunin da masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet Vladimir Levenshtein ya fito da shi a 1965. Ma'aunin na ƙirga sauyi nawa ake buƙata kalma ta koma wata. Tsakanin "tafi" da "tahi" ɗaya ne, tsakanin "biyar" da "biyat" ɗaya ne. Da shi masu nazarin karin harshe ke auna nisan karin wani gari da na wani. An gano abin cikin sa'o'i, kuma abin da aka sace kaɗan ne. Amma ya nuna inda aka kai: ana auna raunin idonmu da lissafi.

Sunan mutum ma ana sace shi

Zambar da ba ta da birus ita ma musanya ce, sai dai a nan mutum ake musanyawa. Ranar 15 ga Yuli 2020 shafukan Twitter na Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk da wasu manya suka wallafa cewa duk wanda ya aiko Bitcoin za a ninka masa. Shafukan na gaskiya ne, hannun da ke rubutu ne ba nasu ba. Cikin sa'o'i an aika fiye da dalar Amurka 100,000, kuma jagoran aikin yaro ne ɗan shekara 17 a Filorida. Alkawarin ninki tsohon tarko ne, maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana shi a MMM da ta daskare a Disamba 2016. Yau yana zuwa da murya ko hoton wanda ka yarda da shi, a gurup na WhatsApp.

Akwai kuma kalmomi 12 ko 24 da lalita ke ba ka ranar buɗewa. Tsarin ya fito a 2013, kalmomin daga jeri mai 2,048 ake ciro su. Akwai jerin Ingilishi da Faransanci da Japananci da wasu, babu na Hausa. Don haka da yawanmu ba mu san ma'anarsu ba, sai mu ɗauke su hoto mu wuce. Kalmomin nan su ne lalitar kanta. Wanda ya same su ya kwashe kome daga ko'ina yake a duniya, kuma mun ga akwai manhajojin da ke bin hotuna suna nemansu.

Abin da za mu ɗauka

Kakanninmu masu kwafar littattafai da hannu sun san kwafi ba ya zama amintacce sai an gwada shi da asali. Suna da muƙabala: ɗaya na karanta asali da murya, ɗaya na bin kwafi da ido. A makarantar allo, gardin da ya rubuta allonsa da ka sai ya kai darasu an bi harafi da wasali. Kwamfuta ce ta sa muka zubar da wannan ɗabi'a, muka ɗauka abin da aka kwafa shi ake liƙawa. Ga yadda nake ganin za mu maido ta.

Bayan ka liƙa adireshi, bi shi duka, musamman tsakiya. Yanka shi huɗu-huɗu kamar lambar waya. In kuɗin na da yawa, kira mai karɓa da murya, shi ya karanto daga lalitarsa kai kana bi. Manhajar da ta gurɓata saƙo ba ta iya gurɓata muryarsa.

Kada ka kwafo adireshi daga jerin mu'amala. Wanda ka tabbatar, ajiye shi a littafin adireshi na lalita da sunan mai shi. In ka aika gwaji, jira mutumin ya ce ya gani, sannan ka aika sauran ta wannan ajiyayyen adireshin.

Wayar da ke riƙe da lalita, kada ta karɓi manhaja daga Xender ko daga gurup. Sayi mega ka sauke daga rumbun hukuma, ta mahaɗin da ke shafin kamfanin, tunda mun ga bogi ya taɓa shiga Google Play. Madannan rubutu ma a bar na asali. In kana shakkar kwamfuta, kwafi wani adireshi ka liƙa a shafin rubutu ka gwada. In ya sauya, kada ka sake buɗe lalita a kanta sai an wanke ta tas. In bai sauya ba ma, ba hujja ce ta daina dubawa ba.

Kalmomin nan 12, takarda da biro. Ba hoto, ba saƙo, ba allon kwafi. Duk wanda ya tambaye ka su, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne mai son taimaka maka, ɓarawo ne. Wanda ke da hali ya sayi ƴar na'urar lalita irin Trezor ko Ledger, mai nuna adireshi a nata gilashin, amma ita ma sai an karanta abin da ta nuna.

Karanta haruffa 42 bai kai minti ɗaya ba. Ƴar uwa, ɗan uwa, kuɗin makaranta ne ko jarin da aka tara da ƙyar, ya cancanci wannan minti.